Riƙon Adaka a Filin Harbin Faifai

Faifai ashirin da biyar aka cilla mini ranar da na fara zuwa filin harbi, ban fasa ko ɗaya ba. Wallahi ko gefen ɗaya ban karce ba. Ni da na cika wa mutane baki a cikin mota cewa a gidan maharba aka haife ni, barewa kuma ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai ga ni tsaye da bindigar mutane a hannu, kafaɗa tana zugi, fayafayai suna sauka lafiya lau can cikin yashi.

Karatu ne ya kawo ni Alƙahira. Karatu ya ƙare, ni ban koma ba. Na zama tafinta, ina karɓar marasa lafiya daga gida a filin jirgi, in sama musu masauki, in bi su asibiti ina juya ciwonsu zuwa Larabci. Da wannan aikin na bar ɗakin da muke cunkushe mu biyar a Hayyin Ashir, na yi aure, na kama gida a hawa na shida a Madinat Nasr. Cikin likitocin da nake kai wa mutane akwai wani likitan ƙashi, mutum mai fara'a da son hira. Shi ne wata rana ya ce mini an buɗe ajin sababbin shiga a kulob ɗinsu na harbi, can bakin gari inda gine-gine suka ƙare sahara ta fara, kowace Juma'a da safe, in zo mu tafi tare a matsayin baƙonsa. Ba zan ɓoye ba, ba harbin ne ya ja ni ba. So nake in zauna a kujera ɗaya da irin waɗannan mutanen, a kawo mana shayi tare, ba ni ne a tsaye bayan wani ina riƙe da takardun gwajinsa ba.

Wasan kansa ba shi da wuyar ganewa. Ana tsayawa a jere, kowa da wurinsa. Can gaba akwai rami mai rufi, a ciki akwai injuna. Kana saka bindiga a kafaɗa sai ka yi ihu, kowane irin ihu ka ga dama, sai injin ya cillo wani ɗan faifai na yumɓu mai ruwan lemo, bai fi murfin kwanon sha na yara ba. Ya yi dama, ko hagu, ko ya miƙe, ba ka sani ba sai ya fito, kuma gudu yake yana nisa da kai. Ka fasa shi a rubuta maka ɗaya, ka kuskure ka matsa wuri na gaba da kunyarka. Haka har ashirin da biyar.

Mai koyar da mu wani gajeren dattijo ne mai furfurar gashin baki, kowa Kaftin yake ce masa, kamar yadda ake ce wa duk mai horarwa a Masar. Bai ce mini komai ba har na gama ɓarnar harsasaina. Sai ya matso, ya karɓi bindigar, ya buɗe ta a gaɓarta ya duba, ya ɗan sunsuna gindinta.

Ya ce, "Ya Ustaz, wari take yi ne?"

Na ce a'a.

"To me ya sa kake kawar da fuska? Kowa yana manna kuncinsa a katakon, kai kana gudunsa. Kuma daidai lokacin da za ka ja kunama sai ka juya kai ka runtse ido. Wa kake harbi a haka? Wannan ba kuskuren sabon shiga ba ne. Wani ne ya zauna ya koya maka. Waye?"

Na san waye. Babana maharbi ne, ba na nishaɗi ba, na neman abin sawa a baki. Bindigarsa adaka ce, ƙirar maƙerin garinmu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da tsumma. Irin wannan bindigar ba ta da amana. Tana aika wuta gaba, tana kuma tofo wata baya, wata rana ma ta tsage gaba ɗaya. Saboda haka maharbanmu ba sa kai fuska kusa da ita. Za ka saita, ka ja kanka gefe, lokacin tashi kuma ka kawar da ido. Ina da shekara goma sha ɗaya ya fara ɗora mini ita a kafaɗa a bayan gari, kuma duk sanda kuncina ya kusanci katako sai in ji ranƙwashi a ƙeya. Da ranƙwashi aka shigar da abin nan jikina, shi ya sa shekara talatin ba su fitar da shi ba.

Amma a mota me na gaya wa Likita? Cewa na yi mahaifina yana da gonaki, yana fita farauta don sha'awa, kamar dai manyan mutanen da suke gani a tsofaffin hotunan kakanninsu. To yanzu in ce wannan mai gonakin ne ya koya mini gudun bindiga? Sai na yi dariya na ce, "Wani tsohon baƙauye ne a garinmu, muna yara muke bin sa." Ban tsaya nan ba, kaico. Na karɓi bindigar babu harsashi, na ɗan durƙusa, na turo ɗuwawu baya, na murguɗe wuya, na matse ido ɗaya, na yi "Ƙwam!" da baki na yi tsalle baya. Filin ya kwashe da dariya. Likita har da dukan cinya. Ni kuma daɗi ya cika ni, don a ranar ce suka fara kirana in zo in zauna a teburinsu.

Daga nan aka shiga koyo, kuma na sha wuya. Mako na biyu na fasa biyu, na uku na fasa uku, na huɗu na koma ɗaya, har na fara zargin bindigar. Kaftin ya ce bindiga lafiyarta lau, mai ita ne ba shi da lafiya. Ya zaro tsohon tikitin jirgin ƙasa na cikin gari daga aljihu ya soke shi tsakanin kuncina da katako, ya ce in tikitin ya faɗi ƙasa kafin faifai ya fashe ko ya sauka, to na ɗaga kai. Ranar nan na durƙusa ɗaukar tikiti har gwiwoyina suka gaji. Ya sa kowa ya haɗa tafukan hannunsa ya bar 'yar kafa, muka leƙa wani turke ta ciki, don kowa ya san idon da yake jagorancinsa. Ya hana mu kallon bakin bindiga, ya ce faifai ake kallo, hannu zai bi ido da kansa. Ya ce nauyin jiki a ƙafar gaba. Abin da ya fi maimaitawa shi ne kada a tsayar da bindiga: ka bi faifai, ka wuce shi kaɗan, ka harba kana kan tafiya. Ni kuwa an koya mini a laɓe, a jira fakara ta tsaya cak, sannan a sake mata. Faifai ba ya tsayawa jiran kowa.

Abin da ya fi ci mini rai wata mata ce mai kantin magani, wadda ba ta taɓa riƙe ko bindigar wasan yara ba kafin ta zo ajin. Abin da Kaftin ya ce shi take yi, ba ƙari ba ragi. A mako na biyar ta fasa tara, ta cire abin toshe kunne ta gyara gyalenta kamar ba ta yi komai ba. Kaftin ya ce ita farar takarda ce, ni kuwa sai an kankare tsohon rubutu tukuna. Na yi murmushi, amma raina ya ɓaci har gida.

A gida na mayar da sandar goge ƙasa bindiga. In tsaya gaban madubi in ɗora ta a kafaɗa, in manna kunci, in sauke, sau hamsin. Sannan in bi layin da bango ya haɗu da rufi, daga kusurwa zuwa kusurwa, ba tsayawa. Matata ta ce in na gama kashe ƙadangarun silin in miƙo mata sandarta tana da aiki. A hankali abin ya fara shiga. Na kai biyar, na kai bakwai. Na san daɗin ganin faifai ya tarwatse ya zama ƙura mai ruwan lemo a sama, daɗin da ke sa babban mutum ya waiwaya ya ga ko an gani. Sai dai duk ranar da aka zauna shan shayi, wani zai ce, "Yalla, ya Ustaz, yi mana tsohon nan." Ni kuma in tashi in yi. Har ƙari na dinga yi a kai, na sa masa tari, na sa masa ɗingishi, abin da mutumin ba shi da shi.

Ana haka Baba ya zo. Yanar ido ta hana shi gani, na dage sai da aka sako shi a jirgi. Da aka yi gwaji aka ce sukarinsa ya hau, sai an jira mako biyu kafin a yi aikin. Mako biyu a hawa na shida, ga mutumin da bai saba da rufi a kansa ba sai lokacin barci! Yini yake a baranda. Ba ya gani sosai, amma yana jin fiton masu kiwon tattabaru daga saman gidaje da yamma, yana bin garken da kunne, yana gaya mini sun juya kafin ni mai ido in lura. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa cewa "ɗana" a gaban mutane ba. "Kai" ne, ko "yaron nan", har na yi furfura a gemu.

Wata Laraba da la'asar ya shigo ɗaki ya same ni gaban madubi da sandar goge ƙasa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, kansa a karkace don ya yi amfani da idon da ya fi dama.

"Kai, me kake yi haka?"

"Motsa jiki ne, Baba."

"Motsa jikin ne da saiti? Wannan ai riƙon bindiga ne. Janye fuskarka. Wa ya ce maka ana kwantar da kunci a kanta? So kake ka rasa ido?"

Dole na yi masa bayani. Na ce wasa ne, faifan yumɓu ake harbi. Ya tambaya wa ke cin faifan. Na ce ba a ci. Ya tambaya harsashi nawa ake ƙonawa. Da na gaya masa, ya kama haɓa ya ce, "Ikon Allah." Can ya ce zai bi ni ya gani.

Na kawo dalilai sun fi goma. Na ce akwai nisa, na ce akwai rana, na ce ƙarar za ta dame shi, na ce ba a barin baƙo ya kawo baƙo. Bai yi musu da ni ba. Ranar Juma'a na fito da sassafe na same shi zaune a falo, ya sa babbar rigarsa ta zuwa Idi, ya kafa hula, takalmansa a gabansa. Ina ƙarfin halin da zan ce masa ya zauna? Na kira Likita na ce kada ya biyo ta kaina, zan zo a tasi.

Muka shiga tasi. Ina kallon hannayensa a kan gwiwa, duk tabon ƙuna da kanta, ina kallon tsagar fuskarsa, ina lissafin abin da zan ce. Ina jin kunyar ubana, kuma ina jin kunyar cewa ina jin kunyarsa, su biyun suna kokawa har muka isa.

Muna shiga filin Likita ya taso da fara'arsa, ya miƙa wa Baba hannu, ya dube ni. Kafin ma ya tambaya bakina ya riga ni.

Na ce da Larabci, "Mara lafiya ne daga ƙasarmu, cikin waɗanda nake wa tafinta. Zaman ɗaki ya ishe shi, na ce bari in fito da shi ya sha iska."

Likita ya ce, "Allah ya saka maka da alheri, kana da zuciya mai kyau."

Yabo na samu a kai! Na juya na ce wa Baba da Hausa, "Yana yi maka sannu da zuwa." Baba ya amsa da hannu biyu. Aka ba shi kujera a inuwa, aka sa masa abin toshe kunne a kan hularsa, aka kawo masa shayi ba sukari. Ni kuma na tafi layi, ina gaya wa kaina ai shi ma bai taɓa cewa ni ɗansa ne a bainar jama'a ba, to mene ne a ciki. Na san ƙarya nake wa kaina. Nasa kawaici ne, nawa kuwa gudu ne.

Abin haushi, ranar ce na fi kowace rana iya harbi. Ban san dalili ba. Wataƙila don hankalina yana bayana, ban samu damar yin tunani a kan faifai ba, hannu ya yi abin da aka koya masa. Kunci ya zauna a katako, bindiga ta bi faifai ta wuce shi, na ja. Na fasa na farko, na fasa na biyu, na kuskure uku a jere, na dawo. Duk sanda na matsa wuri ina satar kallonsa. Ya cire abin toshe kunnen ya ajiye a cinya. Da na ɗaga bindiga na kai fuska jikinta sai in ga ya ɗan miƙe daga kujera, hannunsa ɗaya ya tashi, har sai ƙarar ta wuce ya ga na sauke lafiya sannan ya koma. Sau ashirin da biyar ya yi haka. Na tashi da goma sha uku, na wuce mai kantin magani a karon farko. Kaftin ya daki kafaɗata ya ce, "Tamam. Yau ka kashe tsohon nan."

Muka dawo inuwa. Baba ya ce mini a hankali, "Ba ta tofi?" Na ce wannan ba ta tofi, a rufe take ta baya. Ya ce, "To, madalla." Idonsa na kan bindigar da ke buɗe a hannun Kaftin, irin kallon da manomi ke wa bijimin wani a kasuwa. Kaftin ya lura. Ya nuna masa babu komai a ciki, ya rufe, ya miƙa masa da hannu biyu, ya nuna masa sahara, wato ya gwada ɗagawa.

Na ce, "Kaftin, ba ya gani sosai."

Ya ce, "Ma'alish, ba komai, babu harsashi. Bar Alhaji ya ji nauyinta."

Baba ya tashi. Ya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, ya yi bismilla, ya juya bakin bindigar nesa da mutane ba tare da an gaya masa ba. Sannan ya ɗan durƙusa. Ya ja jikinsa baya. Ya kawar da kai gefe, ya matse ido ɗaya.

Inna lillahi. Ban taɓa sanin na iya kwaikwayo haka ba sai ranar. Komai daidai, har yadda yake ɗage haɓa.

Likita ne ya fara fashewa. "Shi ne! Wallahi shi ne! Ya Ustaz, tsohon naka ka kawo mana?" Sauran suka ɗauka. Wani ya yi "Ƙwam!" da baki kamar yadda nake yi. Wani ya zaro waya zai ɗauki hoto. Ba mugunta suke yi ba, wannan ne ya fi ciwo. Wasa ne da ni na koya musu, suna zaton kyauta na kawo musu. Baba ya sauke bindigar yana murmushi, yana dubansu ɗaya bayan ɗaya, don bai san abin da ake wa dariya ba. Ya dube ni in fassara. Na ce, "Sun ji daɗi ne, Baba." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, mai kantin magani da Kaftin. Kaftin ya ɗaga hannu aka yi shiru, wanda ya zaro waya ya mayar. Ya jawo kujera ya zauna gaban Baba, ya ce mini, "Tambaye shi me ya sa yake kawar da fuska."

Na tambaya. Baba ya ture hularsa baya kaɗan, ya nuna wani tabo mai ɗigo-ɗigo baƙi daga gefen girarsa zuwa kunne, tabon da na tashi ina gani har na daina ganinsa. Ya ce albarushi ne, yana saurayi, ranar da ya manta ya leƙa. Ya ce wansa bai yi irin sa'arsa ba, da ido ɗaya ya shiga kabari. Ya ce bindigarmu maƙeri ne yake ƙera ta da abin da ya samu, ba a ba ta fuska. Na fassara duka.

Kaftin ya ce, "Harbi nawa take yi kafin a sake ɗurawa?"

Baba ya ɗaga yatsa ɗaya. Ya ce in ka kuskure, kafin ka sake ɗurawa dajin duka ya watse, ka koma gida a sha miya lami.

"Kuma da fuska a kawar yake samu?"

Baba ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Gaya masa ba a rasa ba. Da ita na ciyar da gida, da ita aka yi wa wasu karatu har suka ƙetare teku."

Wannan jimlar ta ƙarshe ban fassara ta ba. Na ce, "Ya ce yana samu."

Sai Baba ya ƙara, yana nuna ni da haɓa ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, "Yaron nan na sha ranƙwashinsa a kan haka. Na ce ko bai zama maharbi ba, ya dai fita da idonsa biyu, tunda karatu ake so ya yi. Amma yanzu na ga taku ba ta tofi. Ya kwantar da kuncinsa, ku ne da gaskiya a nan."

Na fassara rabin ƙarshe kawai, wato su ne da gaskiya. Tafinta yana da wannan ikon, kuma babu mai kama shi. Na sha rage maganar likita don kada mara lafiya ya firgita, ina ganin alheri nake yi. Ranar na yi amfani da sana'ata na yanke kaina daga cikin maganar ubana, yana zaune yana kallon bakina.

Kaftin ya miƙa hannu. Ya karɓi bindigar, ya miƙe, ya gwada tsayuwar Baba da kansa, ba da wasa ba, yana neman yadda ake saiti a haka. Ya girgiza kai ya ce wanda ya iya samun tsuntsu a wannan tsayuwar da harbi ɗaya, shi ba shi da abin da zai koya masa. Ya juya ga 'yan ajin ya ce su da ake ba bindiga mai lafiya da harsashi cike da aljihu su ji kunya. Likita ya daina dariya, ya kama gyaran gilashinsa.

A nan ne ya kamata in yi magana. Ƙofa ta buɗu har ƙasa. An gama yabonsa, babu sauran abin gudu, kalma biyu ce kawai. Amma sai na tuna gonakin da na ƙirƙira, na tuna tarin da ɗingishin da na ƙara masa, na tuna na ce mara lafiya ne da nake wa aiki. Yanzu ba shi nake jin kunya ba, kaina nake karewa.

Kaftin ya daɗe yana dubanmu. Ya dubi goshin Baba, ya dubi nawa. Ya dubi hannayenmu. Sannan ya yi abin da ban zata ba: ya tsallake ni. Ya dafa gwiwar Baba, ya nuna ni da yatsa, ya nuna ƙirjin Baba, ya yi tambayar da kalma ɗaya, a hankali, yadda ko kurma zai gane. Ɗanka ne?

Baba bai amsa masa ba. Ya juyo gare ni, ya karkata kai don ya same ni da idon da ya fi dama. Ban san yadda ya gane ba. Ko kalmar mara lafiya ya tsinta tun a bakin shiga, tunda ya yi karatun allo, ko kuwa a tsayuwata ya karanta, yadda na bar tazara tsakanina da kujerarsa tun safe. Babu fushi a muryarsa, kamar yana aike na kasuwa.

Ya ce, "Gaya masa abin da ka gaya musu da farko. Kada ka zama maƙaryaci a gaban abokanka saboda ni."

Kowa yana jira. Kaftin yana kallona, mai kantin magani tana kallon ƙasa. Na buɗe baki, kuma Allah shaida ne na yi niyyar faɗin gaskiya.

Na ce, "Ya ce garinmu ɗaya."

Kaftin ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya tashi ya kama hannun Baba da hannu biyu, ya sunkuya ya sumbaci kansa ta saman hula, kamar yadda suke wa iyayensu. Ni bai dube ni ba.

Muka yi sallama. Daga inuwar zuwa bakin ƙofar kulob akwai 'yar tafiya a kan tsakuwa. A garinmu ɗa ba ya shiga gaban ubansa a hanya, ban kuma taɓa yi ba tun da na fara tafiya. Na tsaya gefe in ba shi hanya kamar kullum. Shi ma ya tsaya. Ya gyara babbar rigarsa, ya nuna mini gaba da hannu.

"Wuce mana," ya ce. "Suna kallo."

Na wuce. Ya biyo ni a baya da taku uku, kamar yadda marasa lafiya suke bin tafinta, ina jin ƙarar takalmansa a kan tsakuwa har muka fita.